Zaɓen Gilashin Kyamara Mai Babban Sensa Don Hoton Mutum da Hoton Cikin Ɗaki

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya koma aiki da kyamara mai babban sensa (farantin da ke karɓar haske ya zama hoto), wadda masu sana'ar hoto ke kira midiyam fomat, abu na farko da ya kamata ya gane shi ne lambar milimita da ke rubuce a jikin gilashin kyamara, wadda ke nuna faɗin abin da zai ɗauko, ba ta nufin abin da ya saba da shi. Sensar kyamarorin Fujifilm GFX da Hasselblad X tana da faɗin kusan milimita 44 da tsayin milimita 33, alhali ta kyamarar ful-firem, wadda aka saba kwatanta gilasai da ita, milimita 36 ce da 24. Saboda wannan bambanci, sai a ninka lambar gilashin da 0.79 kafin a san irin faɗin da zai ɗauko. Gilashin milimita 110 a kan GFX yana gani ne kamar na 87, na 23 kuma kamar na 18.

Bari mu fara da hoton mutum. Abin da ke gyara fuska ko ya ɓata ta shi ne tazarar da ke tsakanin mai hoto da wanda ake ɗauka, domin idan aka matsa kusa sosai hanci yakan yi girma, kunnuwa kuma su ja da baya. Dogon gilashi yana tilasta wa mutum ya tsaya nesa, shi ya sa fuska ke fitowa yadda ido ya san ta. A tsarin Fujifilm, GF 110mm f/2 shi ne wanda ya yi suna a wannan aiki, kuma ya cancanci sunan, sai dai nauyinsa ya kai kilo ɗaya, sannan yana buƙatar fili. Idan aka tsayar da kyamara a tsaye, daga nisan mita 3 zai ɗauko mutum ne daga kai zuwa wajen cinya, kuma kafin a samu cikakken tsayinsa har ƙafa, sai an ja baya kusan mita 5. Wanda situdiyonsa ƙarami ne zai tarar da bayansa ya jingina da bango alhali hoton bai cika ba. Ga irin wannan mutum, GF 80mm f/1.7 ya fi dacewa, domin yana gama wannan aikin daga nisan da bai kai mita 4 ba. A ɓangaren Hasselblad akwai XCD 90V f/2.5, wanda yake daidai da milimita 71, da kuma XCD 135mm f/2.8 ga mai son matso da fuska.

Akwai wani kuskure da ya yawaita, wato buɗe ƙofar haske har ƙarshe a kowane hoto don abin da ke bayan mutum ya yi dishi-dishi (lambar f ce ke nuna buɗewar ƙofar: ƙaramar lamba, faffaɗar ƙofa). A kan wannan sensa, f/2 tana narkar da baya kamar yadda f/1.6 za ta yi a ful-firem. Ku ɗauki misalin fuskar da aka ɗan karkatar aka ɗauka a f/2: gashin idon da ke kusa ya fito tar, amma ɗaya idon ya riga ya fara dusashewa, kuma kyamara mai megafiksel 102 irin GFX100 ba ta rufa wa irin wannan asiri. A hoton fuska na kusa, f/4 ko f/5.6 sun fi aminci, kuma bayan zai ci gaba da laushi.

Mai yawan amfani da filas a waje cikin rana yana da ƙarin abin dubawa. Gilasan Hasselblad XCD suna ɗauke da shuta a cikinsu, wato murfin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, don haka filas ke tafiya da su har zuwa 1/2000 na daƙiƙa, wasu ma 1/4000, yayin da GFX ke tsayawa a 1/125 sai an yi wata dabara.

Hoton cikin ɗaki kuwa buƙatarsa daban ce. A nan ba a neman dishi-dishi ko kaɗan. Ana son kujerar da ke gaba da labulen da ke can ƙurya duk su fito sarai, saboda haka a kan matashi mai ƙafa uku ake ɗora kyamara, a f/8 ko f/11, kuma biyan kuɗi mai yawa don gilashi mai faffaɗar ƙofar haske asara ce. Mutane da dama kan ɗauka cewa gwargwadon faɗin gilashi, gwargwadon kyan hoton ɗaki. A ganina akasin haka ne ya fi yawa. GF 23mm f/4 da XCD 21mm f/4 suna ceton mutum a banɗaki ko ƙaramin kicin, amma a falo sukan miƙar da kayan da ke gefe, har teburi mai da'ira ya koma kamar ƙwai. Faɗin da ya yi daidai da milimita 24 zuwa 28 na ful-firem ya fi faɗin gaskiya game da girman ɗaki, kuma siffar sensar ta 4:3 tana taimakawa, tunda tana ɗauko rufi da daɓe fiye da siffar 3:2 ta ful-firem.

Babbar matsalar wannan aiki ita ce karkacewar bango. Da zarar an ɗaga bakin kyamara sama don rufi ya shigo, layukan ƙofa da na bango sai su riƙa tattaruwa a sama, tamkar ɗakin zai faɗi baya. Maganinsa shi ne gilashi mai gocewa, irin GF 30mm f/5.6 T/S da Fujifilm ya fitar a 2023, wanda yake daidai da milimita 24. Ana daidaita kyamara ta tsaya sak, sannan a murɗa gilashin shi kaɗai ya hau sama, har zuwa milimita 15, sai rufin ya shigo, bangon kuma yana nan a miƙe. Da hannu ake saita shi, yana da tsada, kuma aiki da shi sai a hankali. Wanda bai kai ga sayensa ba yana iya amfani da GF 20-35mm f/4, ya bar sarari a gefuna, ya miƙe layukan a kwamfuta, tunda yawan fiksel ɗin ya isa a yanke wani sashe ba tare da an ji ciwo ba.

Gilashi ɗaya da zai haɗa ayyukan biyu, kamar GF 32-64mm f/4, zai ɗauki mutum zaune a ɗakinsa da kyau, amma ya yi gajarta ga hoton fuska na kusa, kuma bai isa ƙaramin ɗaki ba. Wanda yake cin abinci da ayyukan biyu zai buƙaci gilasai biyu, kuma kafin ya zaɓa tsakanin 80 da 110, ya fara auna tsawon situdiyonsa.