Sharhi: Robar man haɗi da fatar amarenmu

Jama'a masu sauraro a Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wata 'yar roba ce da ba ta da suna a jiki, ba ta da ranar lalacewa, amma ta shiga ɗakunan matanmu ta zauna daram. Man haɗi nake nufi, wanda ake cakuɗawa a shafa don fata ta yi fari.

Kwanakin baya na tsaya a wani shagon kayan kwalliya, sai ga wata baiwar Allah da 'yarta. "Hajiya, saura wata guda biki," in ji ta, "ina so ta fito." Mai shagon ba ta tambayi komai ba. Ta jawo kwano, ta matse 'yan tub guda uku a ciki, ta tsiyaya wani ruwa daga kwalba, ta zuba man shafawa, ta cakuɗa da cokali kamar mai dama fura. Ni kuwa hannun mai haɗin nake kallo. Bayan hannu jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kore shar a ƙarƙashin fata. Ai ga tallar kayan nan a jikin mai sayarwa, sai dai ba wanda ya karanta.

Tun shekarar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta haramta shigo da man shafawa mai ɗauke da sinadarin haidirokwinon. Maƙwabciyarmu Kodebuwa ta riga mu a 2015. Doka ta yi kyau, amma jami'i yana duba abin da aka rubuta a jikin kwali ne. Wanda aka dama a kwano fa, me zai karanta? Shi haidirokwinon hana fata yin launinta yake yi, kuma in aka daɗe ana shafawa sai reshe ya juye da mujiya: kumatu da goshi su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi, wanda fitarsa sai an sha wuya, wani ma ya zauna ke nan.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali 'yan tub ɗin nan ne. Da yawansu magani ne na asibiti, irin su kilobetasol, sitiroyid mai ƙarfin gaske da likita ke rubuta wa mai tsananin ciwon fata, ya shafa kaɗan a inda ke ciwo, na 'yan makonni, ya daina. Mu kuma mun mayar da shi man wanka, daga goshi har dunduniya, safe da yamma, shekara da shekaru. Da fari fata ta yi haske ta yi sumul, ƙawaye su yi ta yabo. Daga nan sai ta yi ta sirancewa. Nankarwa ta fito a damtse da cinya, manya jajaye, ƙuraje da makero su samu wurin zama, ɗan ƙwarzane ya ƙi warkewa. Ranar da haihuwa ta zo da gardama aka ce sai tiyata, fatar da ta zama kamar takarda ita za a ɗinke. Kuma maganin ba ya tsayawa a fata, yana ratsawa cikin jini, yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga. In mace ta ce ta tuba ta yar da robar rana ɗaya, fuska ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi da raɗaɗi, sai ta koma da gudu. Shi ya sa mai haɗi ba ta rasa ciniki.

Sai zaiba, wato makuri, wadda ita ma ake zubawa a wasu mayukan sa fata fari. Ita ce ta gurɓata ruwan garin Minamata na Japan, aka gano cutar da ta haddasa a 1956, har yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013 ta ɗauki sunan garin. A 2023 ƙasashen da ke cikinta suka amince a raba kayan kwalliya da zaiba kwata-kwata daga 2025. Zaiba tana lalata ƙoda, tana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Tana maƙalewa a tawul da zanen gado, tana isa ga ɗan tayi a ciki, tana bin ruwan nono. Wato jaririn da bai san fari ba bai san baƙi ba, shi ma yana karɓar rabonsa. Ba mu manta ba, a 2018 sai da FDA ta gargaɗi masu juna biyu da ke haɗiyar ƙwayoyi wai don jariri ya fito fari.

To, 'yan uwana maza, kada mu gyara zama muna cewa zancen mata ne. Wa ke cewa "a samo mini fara"? Wace uwar miji ce ke ɗaga mayafin amarya ta taɓe baki? Ko a cikin samarinmu akwai masu shafawa a ɓoye, gwiwar hannu ce ke tona musu asiri. Abin dariya abin takaici, man kaɗanyar da matan Tamale da Wa ke bugawa da hannunsu jirgi ke kwasa zuwa Turai, a zuba a kwalba mai tsada, mu kuma a nan muna zuba sidi muna sayen abin kwano.

Ke da kika daɗe kina shafawa, kada ki yanke lokaci guda ke kaɗai. Ɗauki robar ki kai wa likitan fata, akwai su a asibitin koyarwa na Korle Bu, a janye miki shi sannu a hankali. Wanda za ki saya kuwa, juya kwalin ki nemi jerin abin da ke ciki da lambar rajistar FDA. In babu, ajiye musu kayansu.

Yarinyar nan ta shago, da uwar ta miƙa kuɗi, na ji ta ce a hankali, "Mma, ba zai yi mini kamar hannun Hajiya ba?" Uwar ta ce ta yi shiru, ta jefa robar a jaka suka fita.