Taƙi Ɗaya da Dutse Ɗaya: Lacca a Kan Tsarin Makabartunmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai, masu unguwanni, dattawan kwamitin makabarta, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da yamma. An ce in yi magana a kan ƙa'idojin binne mamaci da kula da makabarta. Bari in fara da abin da idona ya gani, domin shi ya sa da aka neme ni ban ce a nemi wani ba.

A daminar bara, cikin watan Agusta, muka kai wani maƙwabcina makwancinsa. Mun sauke makara, sai muka tarar ba a gama haƙa ba. Dattijon da ke haƙar yana tsaye a cikin rami, ruwa ya kai masa idon sawu. Ya ce mana, "'Ya'yana, ku yi haƙuri, rami na uku ke nan." Na farko, yana gama uwar kabari zai shiga 'yar, sai diga ta daki itace, ya san da mutum a ciki, ya mayar da ƙasa. Na biyu kuwa ƙashi ya tarar, ya tsince shi da hannunsa, ya naɗe a ƙyalle, ya mayar ya rufe. Yana wannan bayani yana nuna mana gefensa da haɓa. Kaburbura huɗu ne a jere, an kewaye su da bulo, an shafe su da siminti, kowanne ya cinye wurin mutum biyu. Bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da kwarfe ruwa da tsohon bokiti.

To jama'a, a nan maganata ta yau take. Makabartar gari hubusi ce, wato waƙafi. Ba gonar gado ba ce, ba kuma fulotin da wani ya saya ba. Wanda ya rasu yana da haƙƙin wurin da zai ɗauki jikinsa, matuƙar da sauransa a ciki. Abin da ya wuce haka rabon wani Musulmi ne da bai zo ba tukuna, watakila ma ni ne ko kai. Malamanmu na Malikiyya sun faɗa a fili, yana nan a Muhtasar na Shehu Halil: kabari hubusi ne, ba a tafiya a kansa, ba a tone shi muddin mai shi yana ciki. Masu sharhi suka ƙara da cewa idan jiki ya narke ƙarƙaf, ana iya binne wani a wurin, amma ba a mayar da shi gona ko gida. Ku riƙe wannan ƙarshen, zan dawo kansa.

A kan haƙa ba zan daɗe ba, masu aikin sun fi ni sani. Mafi ƙarancin zurfi shi ne wanda zai tsare wari, ya kuma hana kare ko kura tonowa. Inda ƙasa take da ƙarfi a yi lahadu, wato a rarake gefen ramin ta wajen alƙibla a sa gawa a ciki, inda take da rairayi a yi irin namu na uwa da 'ya, a jera itace ko fasassun tukwane, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Roƙona ɗaya ne: a daina azalzalar mai haƙa. An ce a gaggauta kai gawa, gaskiya ne, amma ba a ce a rufe ta a ramin da ruwan farko zai buɗe ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Nana A'isha ce ta ruwaito, yana cikin Abu Dawuda. Duk sanda muka tsaya a kan mai haƙa muna duba agogo, mu ne muke tura digarsa cikin ƙashin wani.

Yanzu alama, wadda ita ce ta fi jawo gardama a bakin kabari. Ni ban taɓa ganin laifin ɗan da ke son ya gane kabarin mahaifiyarsa ba. Wannan so ne, kuma yana da asali. Da sahabi Usman ɗan Maz'unu ya rasu aka binne shi a Baƙi'a, makabartar Madina, Manzon Allah da kansa ya naɗe hannun riga ya ɗauko dutse ya ajiye ta wajen kansa, ya ce da shi zai riƙa gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma binne wanda ya rasu daga iyalinsa kusa da shi. Dutse ɗaya. Shi ne kuma, a hadisin Jabir da ke cikin Muslim, ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ko a zauna a kansa, ko a yi gini a kansa. A ruwayar Tirmizi an ƙara da hana rubutu. Sayyidina Ali ya aiki Abul Hayyaj da irin aikin da Annabi ya taɓa aikensa, cewa kada ya bar kabari mai tozo face ya daidaita shi. Shi ya sa malamai suka ce a ɗaga ƙasar kamar taƙi ɗaya, yadda mai wucewa zai san kabari ne ya kauce. Risala, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, ta ce gini a kan kabari da shafe shi makaruhi ne. Halil ya ce in don alfahari aka yi, ya zama haramun, amma ya halatta a sa abin bambancewa kamar dutse ko itace, ba tare da zane ba.

Na san wani zai ce, Malam, ai sunan kawai muke rubutawa. E, akwai malaman da suka yi sassauci a kan suna kaɗai idan da buƙata, ba na musun wannan. Amma ku shiga makabartunmu ku gani da idonku. An wuce suna. Allon ƙarfe ne ya kai ƙirjin mutum, an rubuta sarauta da muƙami, wani har da ayar Alƙur'ani, ga rana ga ruwa, ga akuya tana soshe jikinta da shi. Mai hali ya kafa babba, na kusa da shi ya ga kada a ce nasa ya gaza, shi ma ya je wurin mai walda. Almajirin da ya rasu a asibiti babu dangi kuwa, ko tsinke babu a kansa.

Wanda Allah ya kai shi Madina ya ga Baƙi'a: tudun ƙasa ne da dutse, sahabbai da matan Annabi suna kwance a ciki. Sarki Fahad na Saudiyya ya rasu a 2005, Sarki Abdullahi a 2015, duka a makabartar Al-Ud ta Riyad aka sa su, a kabarin da babu suna. A nan gida, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu yana kan mulki ranar 5 ga Mayu 2010, washegari aka kai shi makabartar Ɗanmarna a Katsina, cikin jama'ar garinsu.

Kuma allon ma ba ya tsare abin da muke so ya tsare. Ni shaida ne. Mun sa wa mahaifinmu na ƙarfe, Allah ya jiƙansa, ban ɓoye muku ba. Shekara biyu tsatsa ta cinye rubutun, daga baya ƙarfen ma aka tuge shi, mai yiwuwa yana can a sikelin masu sayen tsohon ƙarfe. Yau in na je, bishiyar darbejiya nake ƙirgawa daga ƙofa, in tsaya inda zuciyata ta fi natsuwa in yi addu'a. Da akwai littafi, da ban rasa shi ba.

Littafin nan shi ne alamar da ba ta tsatsa. A raba makabarta shiyya-shiyya, kowace shiyya layi-layi, a kafa ƙaramin dutse mai lamba a bakin kowane layi. Duk wanda aka kawo a rubuta sunansa, unguwarsu, ranar da aka binne shi, layi na nawa, kabari na nawa. Kwafi ɗaya a ɗakin masu haƙa, ɗaya a wurin mai unguwa, yaranmu masu ilimin kwamfuta su adana na uku. Kuma a riƙa binnewa a jere, ba kowa ya zo ya nuna inda ransa ke so ba. Da haka za a san shiyyar da ta tsufa da wadda ba a isa a taɓa ba, ba sai dattijo ya gwada da diga ba. Ku tuna watan Afrilun 2020 a Kano, da mace-mace suka yi yawa. 'Yan jarida da masu bincike wurin wa suka je neman adadi? Wurin masu haƙar kabari. Gari mai miliyoyin mutane, lissafin matattunsa yana cikin kan tsofaffin da ba mu tuna su sai ranar da muka zo da makara.

Kula da filin kuwa, doka ta faɗi mai alhakinsa. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa kafa makabartu da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Saboda haka kwamitin da ya je sakatariya neman katanga ko magudanar ruwa ba bara ya je ba, haƙƙi ya je nema, kuma ya je da takarda, ya riƙe kwafi. Amma kafin hukuma ta motsa, akwai abin da yake hannunmu. Shara da ake juyewa ta bayan katanga daga gidajenmu take fitowa. Hanyar da aka yanke ta tsakiyar kaburbura don a rage nisa, sawunmu ne. Annabi ya ce mutum ya zauna a kan garwashi ya ƙone tufarsa har ya kai ga fatarsa ya fi masa alheri da ya zauna a kan kabari, to ina ga mai tsugunawa ya yi bayan gida? Ciyawa in ta bushe da kaka, a sa lauje da fartanya, don Allah a daina cinna mata wuta a kan bayin Allah. Kabarin da ya rufta a cike shi a ranar, ba sai an nemo danginsa ba. Masu matso da katangar gida cikin filin makabarta kaɗan-kaɗan, da masu yanka gefenta su sayar, na ce zan dawo kanku: ko ƙashin ƙarshe ya zama ƙasa, wurin bai zama na gini ba.

An miƙo mini takarda, wani ɗan'uwa yana tambaya: wanda ya riga ya yi wa kabarin mahaifinsa siminti fa, a je a fasa? Ɗan'uwa, kada wani matashi ya tashi daga nan ya ɗauki guduma. Imam Shafi'i ya ce ya ga shugabanni a Makka suna rushe abin da aka gina a kan kaburbura, malamai ba su aibata su ba. Shugabanni ya ce, ba kowa da kowa ba. Kwamiti da mai unguwa su zauna da iyalan, a yi musu bayani da taushin harshe, domin yawancinsu ƙauna ce ta sa su, ba girman kai ba. In sun yarda, su da kansu su cire bulon a hankali, a bar musu dutse ɗaya ta wajen kai, a shigar da sunan a littafi. Bulon da aka cire kuma a kai shi kusurwar katangar da ruwa ya kayar, ya toshe inda awaki ke shiga.