Sharhi: Kafin Kamaru ta sako ruwan Lagdo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Daga nan Abuja, ga sharhinmu na yau.

Duk shekara idan damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Satumba, hankalin mazauna bakin kogin Binuwai kan koma Kamaru. Can kusa da Garwa akwai madatsar ruwa ta Lagdo da aka kammala a 1982, wadda idan ta cika dole a rage mata, in ba haka ba ta ɓalle. Ruwan kan shigo ta Adamawa, ya ratsa Yola da Numan, ya gangara Makurɗi, ya haɗu da kogin Kwara a Lokoja. A ambaliyar 2012 hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce mutum 363 sun rasu, fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600.

Kada dai mu ɗora wa maƙwabta dukkan laifin. Kogunan Taraba da Donga da Katsina-Ala su ma suna juye ruwa a Binuwai, sannan madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa domin ta tare ruwan Lagdo har yau magana ce a takarda.

Kamaru kan sanar kafin ta buɗe ƙofofin, wannan kam a yaba mata. Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar da saƙon ke bi. Wasiƙa ce ta diflomasiyya ke isowa Abuja, daga wannan ofis zuwa wancan, sannan jiha, sannan ƙaramar hukuma. Kafin ta kai kunnen manomin shinkafa a fadamar Numan, ruwa ya kai masa gwiwa, yana ta ɗora buhuna da awaki a kwalekwale, iyalinsa sun shimfiɗa tabarma a ajin makarantar firamare. Alhali daga Garwa zuwa Yola tafiyar 'yan sa'o'i ce.

Me zai hana injiniyoyin Lagdo su riƙa magana kai tsaye da jami'an agajin gaggawa na Adamawa da Taraba da Binuwai? Fulatanci da Hausa ake ji a ɓangarorin biyu, gidajen rediyo na iya yin shela lokaci guda. A kuma yi yarjejeniya tun kafin damina cewa motar asibiti ko jirgin ruwan ceto ba za su tsaya jiran takardu a kan iyaka ba.

Ta yamma kuma lamarin ya fi tsauri. Kogin Kwara sai ya wuce Yamai da Gaya kafin ya shigo Kebbi ya nufi Kainji, kuma hedikwatar hukumar ƙasashen da ke amfani da kogin tana Yamai ɗin. Tun juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar dangantakarta da Najeriya ta yi tsami, aka rufe iyaka na wani lokaci, a Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Wannan rigimar shugabanni ce. Awon ruwan da aka ɗauka a Yamai da safe ya kamata ya iso Birnin Kebbi kafin azahar, ko ana gaisawa ko ba a yi.

Ma'aikatar albarkatun ruwa da NEMA su fito su gaya wa jama'a wa ke karɓar wannan awo, kuma cikin sa'o'i nawa yake isa ga dagatai da masu unguwannin bakin kogi.

A huta lafiya.