Takardar Lafiyar Malamin Tuƙin Jirgin Sama

Assalamu alaikum, jama'ar Katsina. Matasanmu da ke harin makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya da burin zama malamai, ku matso kusa.

Idan malami ya tashi da ɗalibin da bai da lasisi, alhakin jirgin a wuyan malamin yake. Shi ya sa lafiyarsa ba a wasa da ita. Takardar lafiya aji uku ce: ta ɗaya ta masu lasisin kasuwanci, ta biyu ta masu tuƙin kansu, ta uku ta masu ba jirage umarni daga hasumiya. Malami mai lasisin kasuwanci ta ɗaya zai nema, kuma ba a kowane asibiti ba. Sai wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi. Bisa ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wata 12 take yi, akan rage zuwa 6 ga wasu matuƙa idan shekaru sun ja.

To me likita ke dubawa? A allon gwajin gani, kowane ido shi kaɗai ya kai 6/9, biyun a haɗe 6/6. Tabarau ba laifi ba ne, amma dole a riƙa tashi da na biyu a ajiye. Sai littafin Ishihara mai ɗige-ɗige, inda ake gane wanda ba ya bambance ja da kore. Wasu sai a ranar suke sanin suna da matsalar. A kunne, kada raunin ji ya wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 35 a sauti mai mitar Hertz 500, 1000 da 2000, ko desibel 50 a Hertz 3000. Nan malamai suka fi shan wahala, domin ƙarar ƙaramin jirgi kullum tana cin kunne a hankali. Ku riƙa sa abin kare kunne mai kyau. Akwai awon zuciya na ECG, da hawan jini, da fitsari.

Tambayar da ake yawan yi mana ita ce ta sikila. Mai AS galibi yakan tsallake, kada ya karaya. Mai ciwon suga da ke allurar insulin kuwa, ƙa'idar ICAO ba ta ba shi aji na ɗaya.

Kada ku ruɗu da bidiyon Amurka. A can aji na uku na tsarinsu, wanda ya bambanta da namu, ya wadatar da malami, wani lokacin ma ba a neman takardar idan ba shi ke da alhakin jirgin ba. Wannan dokar FAA ce, hukumar jiragen sama ta Amurka, ba tamu ba.

Takarda kuma ba ta rufe ciwon yau. Murar hunturu na toshe hanyar da ke daidaita iska a kunne, wajen sauka sai dodon kunne ya ɗauki azaba. Piriton kuma barci yake sawa. Zazzaɓin cizon sauro, tiyata ko sabon magani, a dakata da tashi, a kira likitan da NCAA ta amince da shi tukuna.