Darasi: Gabatar da gogewa a takardar neman aiki a ofishin lauyoyi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan birnin Yamai. Darasin yau na ɗaliban shari'a ne, waɗanda suka kammala karatu a Jami'ar Abdu Mumuni ko a Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, kuma suke shirin kai dosiye ofishin lauyoyi domin neman sitaj, wato horon koyon aiki, ko kuma aiki.

Kafin ka ɗora alƙalami a kan takarda, ka tantance matsayin da kake nema. Dokar UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, ta ranar 25 ga Satumban 2014, wadda ta daidaita ƙa'idojin aikin lauya a ƙasashen ƙungiyar, ta tanadi cewa mai son zama lauya sai ya ci jarrabawar CAPA, wato ta samun takardar cancantar aikin lauya, sannan ya yi sitaj na shekara 3 a ƙarƙashin wani babban lauya. Wannan sitaj daban yake da na ɗalibin da ke son ya zauna a ofishi na ɗan lokaci ya ga yadda ake aiki, daban kuma yake da aikin masanin doka da ake ɗauka a kan albashi. Idan layin farko na wasiƙarka bai fayyace wanne kake nufi ba, ka bar wa Metir, wato lauyan mai ofishin, aikin yi maka hasashe, alhali shi zaman kotu ke gabansa.

Lauya yana karanta wasiƙarka ne kamar yadda yake karanta takardun shari'a, wato duk da'awar da ba ta zo da hujja ba, ba ya lissafa ta. Kusan kowace wasiƙa tana cewa mai ita haziƙi ne, mai son aiki, mai riƙon amana, kuma a ganina waɗannan kalmomi ba su taɓa buɗe wa kowa ƙofa ba. Mai neman da ya rubuta cewa ya yi sitaj na wata uku a wani ofishin lauyoyi, ya tsaya a nan, wurin da ya zauna kawai ya faɗa mana. Wanda kuwa ya rubuta cewa a cikin watannin nan uku ya tsara daftarin takardar neman umarnin biyan bashi bisa dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ya jera rasitai da yarjejeniyar da ke tabbatar da bashin, ya kai su ofishin magatakardan kotun kasuwanci ta Yamai, sannan ya bi sawun dosiyen har aka ba da umarnin, to wannan ya nuna abin da hannunsa ya yi, kuma Metir zai san aikin da zai iya miƙa masa ranar Litinin da safe.

A nan akwai tarko, domin dokar OHADA ta karɓo bashi da zartar da hukunci, wadda aka kafa a 1998, an sabunta ta a watan Oktoban 2023, sabuwar kuma ta fara aiki a watan Fabrairun 2024. Duk wanda ya ambaci wannan fanni a wasiƙarsa, ya tabbata sabon nassin ya karanta, saboda a kansa za a yi masa tambaya ranar ganawa.

Sai maganar sirri, wadda ta fi duk sauran nauyi. Kada sunan wanda ofishin ya tsaya wa ya fito a takardarka, kada adadin kuɗin da ake jayayya a kai ya fito. Ka ce wani kamfanin sufuri, ko wani ɗan kasuwa, ya wadatar. Lauyoyin Yamai sun san juna, a zaure ɗaya suke haɗuwa, kuma wanda ya ga ka tona asirin ofishin da ka baro ba zai ba ka mabuɗin nasa ba.

Wanda bai taɓa yin sitaj ba, kada ya ƙirƙiri na ƙarya. Idan ka riƙe littafin bashi a shagon kawunka, ko ka yi aiki a sashen takardun haihuwa na magajin gari, ko kundin digirinka na masta ya shafi dokar ƙwadago ta 2012, ka rubuta shi yadda yake, ka nuna alaƙarsa da aikin ofishin. Harsunan da kake ji ma ka lissafa su, domin da yawa daga masu zuwa neman lauya da Hausa, Zabarmanci, Fillanci ko Buzanci suke bayyana damuwarsu, kuma matashin da zai saurare su ya mayar da bayanin rubutaccen Faransanci mai tsabta yana rage wa ofishi wahala sosai.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya, kada kuma ta maimaita abin da ke cikin CV. Ka zaɓi aiki ɗaya ko biyu ka buɗe su. Ka kira lauyan da laƙabinsa na Metir, ka duba rubutun sunansa da na ofishinsa harafi bayan harafi, musamman idan wasiƙar da ka aika wani wuri ce kake gyarawa. Idan ta imel za ka aika, ka haɗa takardun a PDF guda mai ɗauke da sunanka. Idan kuma da hannu za ka kai, ka riƙe kwafi, ka roƙi sakatare ya buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kansa.