Kan sarkin Kirsimeti na Denmak da abin da ya dame ni a kansa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo. Wannan takarda da nake nuna muku cike take da ƙananan hotuna masu kama da kan sarki, kuma ita muke sayarwa domin tara kuɗin sadaka a makarantar manya da nake karatu a nan Denmak duk lokacin da watan Disamba ya kama. Makarantar irin wadda wani malamin coci ɗan Denmak mai suna Grundtvig ya kawo tunaninta ce, wadda aka buɗe ta farko a Rødding a 1844, inda baligai ke kwana, su ci abinci tare, su yi karatu ba tare da jarrabawa ba. Raina a ɓace yake, domin kamfanin gidan waya na PostNord ya sanar da daina raba wasiƙu a ƙarshen 2025, a ƙasar da ta kafa gidan waya tun 1624, alhali wannan sadaka a jikin wasiƙa aka haife ta.

Wani ma'aikacin gidan waya mai suna Einar Holbøll ne ya lura da tulin gaisuwar Kirsimeti da ke bi ta hannunsa, sai ya yi tunanin cewa idan kowane mai aika wasiƙa ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, za a iya jinyar yaran da tarin fuka ke kashewa. An fitar da na farko a 1904 ɗauke da hoton Sarauniya Louise, a kan ore 2 kacal (ore shi ne kwabon Denmak), kuma da waɗannan 'yan kuɗin aka gina asibitin yara masu tarin fuka a Kolding, wanda aka buɗe a 1911. A 1907 wata Ba'amurkiya mai suna Emily Bissell ta ɗauki dabarar zuwa Delaware a Amurka. Yanzu da cutar ta ja baya, kuɗin na tafiya ga gidajen da ke karɓar yaran da kaɗaici ko tsangwamar abokai ya addaba, su zauna mako 10 kyauta.

A ɗakin cin abinci muke kafa teburinmu, kusa da kyandirori. Na ga wata dattijuwa ta ciro tsohon kundi daga jakarta, ta buɗe mini shafi bayan shafi na waɗanda mahaifiyarta ta tara, gefensu duk ya yi ja saboda tsufa, sannan ta sayi na bana ta ce na jikarta ne. Ba yabon kai ba, teburin da na tsaya a kansa ya riga sauran ƙarewa, domin wanda ya tashi a Kano ba a koya masa kiran mai saye.

Abin ya tuna mini da gidauniyar kayan sallar marayu da muke haɗawa a unguwarmu cikin azumi. Wallahi mutanenmu sun fi sakin hannu, sai dai namu yakan watse da zarar an sauko daga idi, nasu kuwa ya haura shekara 120 yana tafiya a kan tsari ɗaya.

Ina gargaɗin duk wanda zai zo ƙasar nan da kada ya liƙa wannan shi kaɗai a ambulan yana zaton ya biya kuɗin aikawa, domin sadaka ce zalla, kuma kuɗin wasiƙa daban yake, ga shi da tsada. Ni dai na sayi takarda biyu, ɗaya zan aika wa ƙanwata a Kano ta nuna wa masu haɗa gidauniyar unguwarmu kafin azumi ya zo.