Tsaraba da kyauta tsakaninmu da Sinawa: jawabi a taron 'yan kasuwarmu na Guangzhou

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawanmu, alhazai da 'yan'uwa, Allah Ya saka da alheri da wannan zama.

Maganata kan kyauta ce, don ciniki da mai masana'anta yakan yi tsami a kan abin da ba a ɗauke shi komai ba.

A fara daga filin jirgi. Kilishi da dambun nama, kwastan ɗin Sin ba sa barin nama ya shigo, ɗanye ko busasshe. Hauren giwa kuwa kada ma a fara, an haramta cinikinsa tun ƙarshen 2017. Jakar fata ta Kano ko rinin Ƙofar Mata sun fi fita kunya.

A gida hannun dama muke miƙawa. A nan hannu biyu ake sawa, wajen bayarwa da wajen karɓa. Basine zai ƙi sau biyu ko uku, kara ce irin tamu, ka ci gaba da miƙawa, kada ka mayar jaka. Zai kuma ajiye bai buɗe a gabanka ba.

Agogon bango ko na tebur shi ne babban kuskure, domin a harshensu ba da shi yana amo kamar rakiyar gawa. A guji lema, wuƙa, da koriyar hula ga namiji, wadda ke nufin matarsa na cin amanarsa. Kada a naɗe da fari ko baƙi, ja ake so. Kada abu ya zama guda huɗu. Shida da takwas su ne abin so.

A Sabuwar Shekararsu, jan ambulan da sababbin takardun kuɗi ake ba yara da ma'aikata. Mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, ba sa cika shi, yuwan (kuɗin Sin) 10 ko 20 ko 50 ya wadatar. Tukuici ga ɗan aike kuma ba al'adarsu ba ce.

Jami'in gwamnati, ko na kwastan ko ɗan sanda, kada a ba shi komai. Abin da muke kira goro, dokarsu cin hanci take kiransa.

Sai abin da za a ba mu. Giya takan zo, haka kek ɗin bikin tsakiyar kaka, wanda wasu ake yi da man alade. Tun farkon hulɗa ka sanar cewa kai Musulmi ne, yawanci shayi za su koma kawowa. In kek ya riga ya zo, ka karɓa da hannu biyu, ka nemi a karanta maka kwalin kafin ya shiga gida.